Yadda ake haɗa hoton 3D a kwamfuta har mutum ya rantse da kyamara aka ɗauka

Duk wanda ya fara wasa da Blender, manhajar haɗa hoton 3D, ya san wannan takaicin, ka kwana kana gyara abu, ka latsa F12 kwamfuta ta yi ta gurnani fanka na ihu, hoto ya fito kai a idonka ya haɗu, sai ka tura wa abokinka a WhatsApp ya ɗan kalla ya ce "wannan ai na gem ne". Ka ce masa to me ka gani, ba zai iya faɗa maka ba wallahi, shi dai ya san ba gaske ba ne kawai.

Abin da ya kamata ka riƙe tun kafin mu shiga aikin shi ne, mai kallo ba da duniyar da yake gani da idonsa yake gwada hotonka ba, da hotunan kyamara yake gwadawa, dubban hotunan da ya saba gani a waya kullum. Kuma ba lissafin haske yake yi ba. A 2005 Patrick Cavanagh da abokan aikinsa sun nuna cewa za ka iya sa abubuwa a hoto ɗaya kowanne haske na zuwa masa daga ɓangare daban, mutane su daɗe ba su lura ba. Kafin nan a 2001 Paul Rademacher da wasu sun riƙa nuna wa mutane hotunan ƙananan abubuwa suna tambaya "gaske ko ba gaske ba", sai aka ga yawan kaya a cikin hoton ko yawan fitilu ba ya ƙara komai, abu biyu ne suka fi tasiri: inuwa mai kaifi sosai ana ce mata ƙarya, jikin abu mai santsi sumul shi ma ana ce masa ƙarya. Har hotunan da aka ɗauka da kyamarar gaske ma an ce musu ƙarya in suna da wannan halin. To ka ga inda za mu zuba ƙarfinmu kenan.

Misalin da za mu bi: butar shayi ta alminiyum, kofin gilashi da shayi a ciki, a kan teburin katako irin na mai shayi. Na zaɓe shi ne don akwai ƙarfe akwai gilashi akwai ruwa akwai katako, kuma kana da su a gida ko a bakin layinku. Ita ma sana'ar da buta ta tashi ai, a 1975 Martin Newell na jami'ar Utah a Amurka butar shayin gidansa ya auna ya shigar kwamfuta, har yau ana gwaji da ita.

Mataki na 1: ɗauki hoton na gaske tukuna

Kar ka buɗe Blender tukun ɗan uwa. Ɗauki wayarka ka je ka ɗauki butar gaske ta gaba, ta gefe, ta sama, sannan ka matsa kusa ka ɗauki gindinta inda wuta ta yi mata baƙi, da inda ta lotsa, da mariƙin da hannu ya goge har ya yi sheƙi. Ka ɗauki teburin ma, zoben da gindin kofi ya bari, tsagar katako da sukari ya maƙale a ciki. Abin da ke kanka game da buta ba shi ne buta ba, ƙwaƙwalwa tana share duk waɗannan ƙananan abubuwan ta bar maka tsaftatacciyar siffa, in ka yi aiki da ka to tsaftatacciyar ƙarya za ka fitar.

Manyan ma haka suka yi. A 1984 masu bincike a jami'ar Cornell suka fito da gwajin akwatin nan mai bango ɗaya ja, hikimar ita ce a ƙera akwatin na gaske a duba shi, a haɗa irinsa a kwamfuta, a ajiye su kafaɗa da kafaɗa a ga inda suka bambanta. Kai ma hoton wayarka ya zauna a gefen allo daga farko har ƙarshe.

Mataki na 2: awo

Wannan gajere ne amma in ka tsallake shi duk sauran sun lalace. Akwatin da Blender ke buɗewa da shi faɗinsa mita 2 ne, mutane da yawa daga shi suke fara sassaƙa kofi su manta, sai ka ga kofin shayi ya fi ƙofar ɗaki tsawo ba su sani ba. Haske, dishi-dishin kyamara, yadda shayi ke shan haske, duk da awon gaske suke aiki. Samu tef ka auna butar da kofin ka shigar da santimitocin yadda suke, in ka gama ka latsa Ctrl+A ka zaɓi Scale. Shikenan.

Mataki na 3: kafa kyamara kafin ka yi nisa

Yanke shawara tun yanzu, hoton waya kake kwaikwayo ko na babbar kyamara? Kyamarar bayan yawancin wayoyi faɗin ganinta daidai yake da na gilashin kyamara mai milimita 24 zuwa 26, ita kuma ta Blender a kan 50 take zuwa. Na waya yana ɗan buɗa wuri, abin da ke kusa ya yi girma, na 50 zuwa 85 kuma shi ne irin na hotunan talla. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai.

Sannan ka ajiye ta inda mutum zai iya tsayawa. In a tsaye yake wajen mita 1.6 daga ƙasa, in a zaune kan benci ka sauke ta. Kar ka saita ta cif a tsakiya, ɗan karkata ta kaɗan, bari gefen teburin ya fita daga hoton, don ba wanda ke ɗaukar hoto da hannu komai ya zauna daram a layi. In kuma so kake ka saka butar kwamfuta a cikin hoton gaske, akwai manhajar kyauta fSpy, ka ja layuka a kan gefunan tebur ko bango ta lissafo maka inda kyamarar take.

Kamfanin kayan ɗaki na IKEA a Suwidin sun gane wannan da wuri. A 2006 suka saka hoton wata kujera da aka haɗa a kwamfuta cikin kundin tallarsu ba wanda ya lura, zuwa 2014 kusan kashi 75 cikin 100 na hotunan kayansu na kwamfuta ne. Dabarar da suka yi ita ce suka sa masu 3D suka koyi ɗaukar hoto, masu ɗaukar hoto kuma suka koyi 3D. Ni a ganina duk wanda bai iya ɗaukar hoto mai kyau da waya ba to a Blender ma ba zai iya ba.

Mataki na 4: dakushe gefuna, ɓata jeri

Duba teburin da ke gabanka yanzu, gefensa. Za ka ga wani siririn layin haske yana bin bakin. Ba wani abu a duniya da gefensa ke da kaifi ɗari bisa ɗari, ko wuƙa ce, amma a kwamfuta haka kowane gefe yake zuwa, kuma gefe mai kaifi ba ya kama haske. Saka Bevel a kan duk abin da ke da kusurwa, milimita 1 zuwa 3 ya isa wa tebur, ka ba shi yanka 2 ko 3, ka kunna Shade Smooth. Wannan abu ɗaya kaɗai yana cire rabin kamannin gem ɗin nan.

Bayan nan sai ɓarna. Shiga Sculpt ko ka kunna Proportional Editing da harafin O ka ɗan lotsa cikin butar a wuri biyu uku, murfin kar ya zauna daidai, mariƙin ya ɗan kwanta gefe. Kofin kar ya yi layi da butar, cokalin ya karkace. Hoton ɗan koyo yakan fito ne kamar ɗakin amarya ranar jere, komai na walƙiya komai a layi, ka san ba wanda ya taɓa kwana a ciki. Sai ka zuƙo kusa ka tabbatar kowane abu ya taɓa teburin da gaske, ba ya shawagi kuma bai nutse cikin katako ba, don ido na saurin kama abin da bai zauna ba ko da tazarar milimita 2 ce.

Mataki na 5: haske, nan ne aikin yake

Da farko, cikin injinan da Blender ke fitar da hoto da su, bar Eevee ka koma Cycles. Eevee na da sauri kuma ya ci gaba sosai, amma Cycles bin sawun haske yake yi yadda yake faɗawa kan abu ya tashi ya faɗa kan wani ya ɗauko launinsa, hanyar da James Kajiya ya shimfiɗa lissafinta tun 1986. Wannan tashin hasken shi ke sa jan katakon tebur ya ɗan haska gindin butar, kuma shi ke hana inuwa zama baƙi ƙirin.

Kafin ka sa wa komai launi, je wajen View Layer ka yi amfani da Material Override ka mayar da komai toka-toka. In hoton bai yi kama da gaske ba yana toka, launi ba zai cece shi ba, wannan ka yarda da ni.

Goge fitilar da Blender ya zo da ita. Je shafin Poly Haven ka sauko da hoton HDRI kyauta, wato hoton da ya zagaye wuri gaba ɗaya kuma ya riƙe ainihin ƙarfin hasken kowane ɓangare, ka saka shi a World ta hanyar Environment Texture. Paul Debevec ne ya fito da wannan dabarar ta haska abin kwamfuta da hasken wurin gaske a 1998, shi ya sa in ka ga bidiyon bayan fage na manyan finafinai za ka ga wani riƙe da ƙwallo biyu, ɗaya mai sheƙi kamar madubi ɗaya toka, hasken wurin suke kwashewa. Ga buta kuwa HDRI dole ne, don ƙarfe ba shi da abin nunawa sai abin da ke kewaye da shi, in duniyar da ke kewaye da shi fanko ce to butar ma haka za ta fito. Zaɓi wanda ya yi kama da wurinka, in a rumfa teburin yake kar ka ɗauko na tsakiyar dusar ƙanƙara. Juya shi har hasken ya zo daga gefe ko ɗan baya, hasken da ya zo daga bayan kyamara kai tsaye yana shafe komai ya zama fale-fale.

Yanzu maganar inuwa. Ƙa'idar ɗaya ce: girman fitila shi ke kawo laushin inuwa. Ƙaramar fitila inuwa mai kaifi, babbar taga inuwa mai laushi. Ita kanta rana faɗinta a sama kusan rabin digiri ne, shi ya sa Blender ya sa wa fitilarsa ta Sun faɗin digiri 0.526, don haka ko inuwar tsakar rana ba ta da kaifin reza, tana da kaifi a inda ta taɓa gindin abu sannan tana ƙara laushi in tana nisa. Fita waje ka duba inuwar falwaya za ka gani, kusa da gindi tsaf, can ƙarshenta ta baje. In lokacin hunturu kake so da hazon nan da ke rufe Kano ko Damagaram, ɗaga lambar faɗin ranar zuwa digiri 10 ko fiye, rage ƙarfin ranar, sama ta koma fari-fari mai ɗan ruwan ƙasa, abin da ke nesa ya dusashe. Sky Texture na da wurin ƙara ƙura a iska, ko ka sa Volume Scatter ɗan mitsitsi. HDRI ɗin Turai mai shuɗin sama tangaran ba zai ba ka wannan ba, kuma duk wanda ya tashi a nan zai ji wani abu bai yi ba ko bai san mene ba.

In hoton dare ne, launin fitila ka ba shi da Blackbody, inda ake rubuta zafin launin haske a ma'aunin Kelvin, maimakon ka zaɓa da ido: kyandir wajen 1900, tsohon ƙwan lantarki mai ja 2700, hasken rana 5500, farin ƙwan nan na caji 6500. Kuma ka tuna in ka ninka nisan fitila sau biyu haskenta kashi ɗaya cikin huɗu ne ke saura, don haka gefen teburin da ke nesa da ƙwan dole ya yi duhu, kar ka ji tausayinsa ka ƙara masa wata fitilar. Yawan cusa fitilu don a ga komai shi ke kashe hoto. A hoton gaske akwai inda ya yi duhu ba a gani, akwai inda ya ƙone da haske.

Na ƙarshe a nan, duba Color Management, inda ake zaɓar yadda haske da launi za su fito a allo. Daga Blender 4.0 na 2023 AgX ne ke zuwa a kunne, kafin nan Filmic. Bar shi a ɗayan biyun, kar ka mayar Standard don ka ga launi ya fi tashi, Standard na ƙona wuraren haske farat ɗaya ta yadda kyamara ba ta yi. In duhu ya yi yawa Exposure za ka taɓa.

Mataki na 6: jikin kaya

Principled BSDF, wato abin da ake saita jikin kaya da shi a Blender, kusan shi kaɗai za ka buƙata, tun asali an gina shi ne kan tsarin da Brent Burley na Disney ya gabatar a 2012. Ga yadda za ka bi da shi.

Metallic ko 0 ko 1, abu ko ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba. Butar 1, katako da gilashi 0. Inda baƙin hayaƙi ya rufe gindin butar kuma ya koma 0, don abin da ido ke gani a wurin hayaƙi ne ba alminiyum ba, sai ka raba su da abin rufi da ka zana da hannu.

Launi kuma kar ka taɓa sa baƙi ƙirin ko fari fat. Gawayi ma yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa, sabuwar dusar ƙanƙara ita ce ke kaiwa 80 zuwa 90. Farin kofin tangaran ka tsaya wajen 0.8, kuma ka rage ƙarfin launuka, kayan duniya sun fi yadda muke zato kodewa.

Sai Roughness, wato kaushi, wanda a wurina ya fi launi muhimmanci nesa ba kusa ba. Lamba ɗaya a jikin abu gaba ɗaya ita ce ke sa shi ya zama roba. Ɗauki gilashin wayarka ka karkata shi wajen haske, ka ga sawun yatsu, ka ga maiƙo, ka ga ƙananan karce, launinsu ɗaya da gilashin amma ƙyallinsu daban, to wannan kake so. Sauko da hotunan karce da sawun yatsa daga ambientCG ko Poly Haven ka haɗa su da Roughness ta ColorRamp don ka iya rage su, kuma ka tabbata duk hoton da ba na launi ba ka mayar da shi Non-Color, in ba haka ba lissafin zai karkace. In ka kunna Node Wrangler, Ctrl+Shift+T zai jona maka su gaba ɗaya.

Amma dattin ya zama mai dalili. Wannan shi ne inda mutane ke faɗawa rami na biyu, sun ji an ce a sa datti sai su watsa karce ko'ina daidai wa daida. Tambayi kanka wa ke amfani da butar nan. Mariƙi da kan murfi hannu na taɓa su kullum, su za su fi santsi. Ƙura a saman abu take sauka ba a gefe ba, kuma tana taruwa a lungun da tsumma ba ya kaiwa, wajen haɗin mariƙi da jiki, Ambient Occlusion zai taimaka maka ka ware lungunan. Bakin butar akwai sawun shayin da ya zirara ya bushe. Teburin tsakiyarsa ya fi gogewa, gefen da masu shan shayi ke ɗora gwiwar hannu ya yi duhu. Ka kuma duba kar zanen katakon ya riƙa maimaita kansa, ido na kama maimaici nan take, kuma girman zanen ya dace da awon tebur.

Gilashi: dole ya zama yana da kauri, Solidify zai ba shi, gindin ya fi jiki kauri. Transmission, wato ratsawar haske, 1, IOR, wato yadda abu ke karkatar da haske, 1.5. Shayin kuma jikinsa daban, IOR 1.33 irin na ruwa, ka ɗan faɗaɗa shi ya shiga cikin bangon kofin kaɗan don kar iska ta rage a tsakaninsu, ka ɗaga bakin ruwan inda ya taɓa gilashi don haka ruwa yake yi yana ɗan hawa bango. In baƙin shayi ne kar ka rina samansa, Volume Absorption za ka sa, sai ka ga tsakiya ya yi duhu gefe ya yi ja-ja da kansa. In mai madara ne kuma Subsurface, don haske na shiga madara ya yawata ya fito. Burodi ma in ka ƙara shi yana son kaɗan.

Mataki na 7: mayar masa da aibun kyamara

Kunna Depth of Field, mai sa abin da ke gaba da bayan inda kyamara ke kallo ya yi dishi-dishi, ka sa idon kyamarar kan butar. In babbar kyamara kake kwaikwayo f/2.8 zuwa f/5.6, in waya ce dishi-dishin ya zama kaɗan sosai don waya kusan komai take fitarwa tar. In ya yi yawa teburin zai koma abin wasan yara. In bidiyo ne kunna Motion Blur ka bar shi a 0.5, shi ne daidai da yadda kyamarar fim ke buɗe ido kashi 1 cikin 48 na sakan a hoto 24 duk sakan.

Denoise, mai share tsaki-tsakin da Cycles ke bari a hoto, yana da amfani musamman ga mai ƙaramar laftof, amma yana shafe ƙananan zane ya bar abu sumul, don haka ka ba shi isassun Samples tukuna, wato yawan lissafin hasken da Cycles ke yi, sannan bayan ya share nasa tsakin kai ka mayar da tsakin kyamara siriri a Compositor ko a duk manhajar gyaran hoto da kake da ita. Sa Glare kaɗan a inda rana ta bugi ƙarfe, ɗan duhunta kusurwoyi, rabewar launi a gefen hoto kuma in har kana ganinta ba tare da ka zuƙo ba to ta yi yawa. In butar a cikin hoton gaske ka saka ta, ƙasan ya zama Shadow Catcher, wato ba a ganinsa sai inuwar da ta faɗa masa, sannan ka duba wuri mafi duhu a jikin butar kar ya fi wuri mafi duhu a hoton asali duhu, tsakin ma ya zo ɗaya.

Ga mai fama da wuta da ƙaramar kwamfuta, duk gwaje-gwajen nan ka yi su a kashi 50 na girman hoton, ka ja Ctrl+B a kan wurin da kake gyarawa kawai, cikakken sai dare in an kawo wuta.

Maganar fuskar mutum

Shawarata ka bar ta tukuna. Buta in ta kai kashi 90 ta wuce, fuska in ta kai kashi 90 tsoro take bayarwa. Masahiro Mori, masanin mutum-mutumi a Japan, ya faɗi haka tun 1970, cewa abu na ƙara kama da mutum ana ƙara son sa har ya zo daf, sai kuma ya koma abin ƙyama. Idanu ne ke fara tona asiri, danshin da ke bakin fatar ido, ɗan motsin da ƙwayar ido ke yi ba tsayawa.

In ka kai nan ɗin, ga abin da darussan YouTube ba su cika faɗa ba. Hanyar da Henrik Wann Jensen da abokansa suka fitar a 2001 ta shigar haske ƙarƙashin fata ita ta sa fatar kwamfuta ta daina kama da roba, amma Theodore Kim na jami'ar Yale, wanda ya yi aiki a Pixar, ya ja hankali a 2020 cewa an fi gina waɗannan dabarun kan farar fata. Baƙar fata ba wannan jan hasken na ciki ne ke fito da ita ba, ƙyallin sama ne, yadda goshi da kan hanci da kumatu ke ɗaukar hasken sama. Don haka in irin fatarmu kake yi kar ka ɗauko saitin Bature ka duhunta launi kawai, za ta fito toka-toka kamar an shafa mata gari. Rage Subsurface, ka zauna kan kaushi da ramukan fata, ka haska ta da babbar fitila mai faɗi.

Hotunan AI kuma wata hanya ce daban, su daga miliyoyin hotunan kyamara suka koya shi ya sa suke zuwa da halin kyamara a jikinsu. A binciken Sophie Nightingale da Hany Farid na 2022 sau 48 cikin 100 kawai mutane suka canka daidai tsakanin fuskar gaske da ta AI, wato canki-canka ma ya fi. Shi ya sa in naka ya kai matsayin ruɗar mutane kuma za ka sa shi a Facebook, rubuta a ƙasa cewa haɗi ne.

Mataki na 8: gwada shi a kan mutane

Idonka ya riga ya saba da hoton, ba zai ƙara gaya maka gaskiya ba. Juya shi hagu ya koma dama za ka ga karkatar da ba ka gani da. Cire masa launi ka cire wa hoton wayarka ma, ka gwada ina ya fi duhu ina ya fi haske a kowanne. Ƙanƙanta su kamar girman hoton furofayil, in a nan ma ana gane na kwamfutar to matsalar haske ce ba ƙananan zane ba, koma mataki na 5.

Sannan mutane. Kar ka ce wa mutum "kalli abin da na haɗa, ya yi kama da gaske?", ka riga ka gaya masa amsa, zai fara zaƙulo aibu ko a hoton gaske ne, ko kuma ya ce ya yi kyau don kar ranka ya ɓaci. Haɗa naka da hotunan gaske huɗu ko biyar na shayi da buta, ka tura su duka ta WhatsApp don matsewar ta zo musu iri ɗaya, ka ce ɗaya ko biyu a ciki na kwamfuta ne ya nuna. Nemi wanda bai san 3D ba, ƙanwarka ko Baba mai shayin da kansa, shi da ya san buta fiye da kowa. In ya nuna naka kar ka ce me ya sa, ce masa "Baba ina idonka ya fara sauka?", inda ya ɗora yatsa nan matsalar take ko da bayanin da ya bayar bai yi daidai ba. In ya ce ya cika tsafta koma kan kaushi, in ya ce kamar an liƙa shi duba inuwar gindi, in ya ce kamar roba duba gefuna da ƙyalli.

In ka koma gyara, abu ɗaya za ka canza a lokaci guda. Tagar da hoton ke fitowa tana da Slot da yawa, fitar da tsohon a na 1 sabon a na 2, ka riƙa latsa J kana tsallakawa tsakaninsu, a nan za ka ga ko gyaran ya ƙara ko ya rage, sannan ka kai wa wani sabon mutum wanda bai ga na farkon ba.